Tagar Baffa

A tsofaffin ɗakunan ƙasa na Dayi, taga ba ta wuce faɗin tafin hannu biyu, kuma can sama ake huda ta, kusa da azara, inda mai wucewa ba zai leƙo ba. Magina sun san zafin bazara, sun san ƙurar hunturu, sun kuma san cewa gida sirri ne. Mai ɗaki ne ke nuna wa magini inda yake son tagarsa da girman da yake so, idan kuwa sanyi ya matsa sai ya cusa tsumma ya toshe ta, ba ya neman iznin kowa. Malaman harshe sun ce kalmar aro ce daga Larabci, amma ta daɗe a bakinmu har ta zama 'yar gida. Da kwamfuta ta zo, aka nemi sunan da za a raɗa wa akwatunan nan masu kusurwa huɗu da ke buɗewa a fuskarta, sai aka sake ɗauko wannan kalma, ta kuwa zauna daram. Sai dai tagar kwamfuta tana da wata ɗabi'a da tagar ƙasa ba ta da ita: takan girma da kanta, ta ƙanƙance da kanta, ta kuma ɓuya, wani lokaci ba tare da mai ita ya nufi haka ba. A kan wannan ɗabi'a ne ƙanen mahaifina ya kusa ajiye aikin da ya riƙe fiye da shekara 30.

Dayi gari ne na mararraba. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Gwarzo a nan take haɗuwa da wadda ta fito daga Funtuwa, ta ratsa Malumfashi, ta nufi Yashe da Katsina. Ƙasar ta noma ce tun fil azal: dawa da auduga a da, sannan masara ta mamaye gonaki bayan shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya koya wa mutane takin zamani. Baffa ya yi ƙuruciyarsa yana malamin awo a kasuwar auduga, yana zaune bayan sikeli da littafi da alƙalami, har zuwa 1986 da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Daga nan ya koma gonarsa, manoman unguwarmu da na ƙauyukan kewaye kuma suka ɗora masa magatakardan ƙungiyarsu, domin ba a taɓa jin an kama shi da kuskuren lissafi ba.

Sirrinsa wata rula ce ta katako, wadda gefenta ya yi baƙi saboda gumin yatsu. In zai kwafi suna daga wata takarda zuwa littafi, sai ya ɗora rular a ƙarƙashin layin da yake kai, ya rufe duk abin da ke ƙasa. Ya gama wannan, ya ja ta layi ɗaya. Ya sha faɗa mini cewa ido ba ya ƙarya, amma yana da kwaɗayi: ka ba shi layi goma ya kalla, sai ya ɗauko lambar wani ya liƙa wa wani.

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba ƙananan manoma rancen iri da taki a Birnin Kebbi, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi. Tsarin ya bukaci manoma su shiga ƙungiya, kowa da asusun banki da lambar BVN. Kafin daminar 2019 aka sanar da ƙungiyar Baffa cewa jerin sunaye a kwamfuta ake karɓarsa, littafi ya daina aiki. Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Lambar waya 11 ce, ta BVN 11, ta asusu 10. Ke nan kowane manomi yana ɗauke da lambobi 32. Manoman sun haura 200, wato lambobi sama da 6,400, kuma ɗaya tak in ta goce, sunan mai ita ba zai dace da abin da banki ya sani ba. A takarda wannan tuntuɓen yatsa ne. A gona kuwa buhunan taki ne da ba za su zo ba, da masarar da za ta yi rawaya tun tana guiwa, da magidancin da zai je cin bashi da ruwa a tsakiyar damina.

Ƙungiyar ta sayi kwamfutar tebur ta hannu a Kano, mai Windows 7, da allo mai inci 17 wanda ya kusa zama murabba'i. Aka ajiye ta a zauren Baffa. Ni aka ce in koya masa, kasancewar nakan zo gida ƙarshen mako. Madannai ba su ba shi wahala ba, don ya taɓa tafireta a zamanin auduga. Da na nuna masa cewa jadawalin Excel yakan haɗiye sifirin farko na lambar waya in ba a gaya masa ya ɗauke ta a matsayin rubutu ba, sau ɗaya na faɗa ya riƙe. Wahalar tana wajen taga.

Wakilan ƙauyuka ba sa kawo takarda. Hotonta suke ɗauka da waya su turo, rubutun hannu iri-iri, wani da biro mai yoyo, wani a inuwar bishiya. Dole a buɗe hoton a taga ɗaya a ƙara masa girma, a buɗe jadawali a taga ta biyu. Baffa ya dubi allon na ɗan lokaci, ya ce rularsa yake so. Abin da yake nufi shi ne a matse tagar hoton ta zama siririya, kwance a saman allo, ba ta nuna abin da ya wuce layi biyu ko uku, jadawali kuma ya ci sauran filin da ke ƙasa. Tsari ne mai hikima, ban kuma taɓa ganin wani ya yi shi ba. Matsalar ita ce, don taga ta zauna a sama sai an kama wuyanta da linzami an ja ta can, da zarar kuma kibiya ta taɓa leɓen allo na sama, sai tagar ta buɗe gaba ɗaya ta rufe komai. Jadawali ya ɓace, layin da yake kai ya ɓace a cikin layuka talatin.

“Ni ban ce ta girma ba,” in ji shi. “Wa ya ce ta girma?”

Akwai abu na biyu, wanda ya fi ciwo. Hannun Baffa na dama ya soma rawa a 'yan shekarun nan. Rawar ba ta hana shi riƙe fartanya ko cazbi, amma linzamin kwamfuta yana jin motsin da bai kai ƙwayar gero ba. A cikin na'urar kuwa akwai wata dabara: in ka kama wuyan taga ka girgiza ta, sauran tagogin duka sai su sauka ƙasa su ɓuya, a bar maka wadda ka riƙe. An yi ta ne don mai gaggawa da ke son share allonsa da motsi ɗaya. Na'ura ba ta da hanyar bambance girgizar ganganci da rawar tsufa. Baffa ya kama taga zai gyara mata zama, hannu ya kaɗa, jadawalin yini guda ya ɓace daga gabansa. Bai san yana nan a ƙasa ba, ya ɗauka ya goge. Haka kuma yatsansa yakan danna sau biyu inda ya nufi sau ɗaya, danna biyu a wuyan taga kuwa umarni ne na ta cika allo. Gefen tagar da ake kamawa a ja shi kuma siriri ne kamar zare, sai ya kai kibiya kansa, kafin ya danna ta zame.

Wata Asabar bayan la'asar na same shi ya kashe janareto, ya ɗora littafin ƙungiya a kan cinya, ya ɗora rular a kai.

“Ɗana, ina ganin lokaci ya yi da zan miƙa littafin nan. Hakkin mutane ne. In taki ya wuce wani saboda hannuna, me zan faɗa wa Allah?”

Na san akwai matasa a ƙungiyar da ke jiran wannan magana, ba don mugunta ba, sai don suna ganin aikin ya koma na masu waya. Na kuma san abin da su ba su lissafa ba. Baffa ya san cewa mutum uku ne ke amsa suna ɗaya a ƙauye ɗaya, ya san wanne ne ɗan wane. Ya san gonar da aka raba gado bara, da wadda aka ba da jingina, da wanda ke rubuta kadada biyar alhali biyu gare shi. Yaro mai saurin yatsa zai kwafi abin da ya gani a hoto, Baffa kuwa yana kwafa yana tantancewa.

“Baffa, ku ba ni zuwa gobe,” na ce.

A daren nan na zauna gaban na'urar, na kuma yi ta karatu a waya, sai na tarar gardamar da ke tsakanin Baffa da allonsa ta girme ni. Tun ranar 9 ga Disamba 1968, da Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Francisco ta Amurka linzamin kwamfuta da allon da aka raba gida-gida, masana ke jayayya a kan wanda ya kamata ya yanke wa taga girmanta. A shekarun 1970, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, Alan Kay da abokan aikinsa suka fito da tagogi masu hawa kan juna, suna kwaikwayon teburin ma'aikaci da takardu barbaje, ya ja wannan ya tura waccan yadda ya so. Wasu suka ce wannan ɓata lokaci ne, mutum zai ƙare yana jan takardu maimakon aiki, gara na'ura ta yanka allo fuloti-fuloti ta ba kowace taga nata. Windows na farko, na 1985, wannan ra'ayi na biyu ya bi: tagoginsa jere suke, ba sa hawa kan juna. A 1987 aka sake shawara aka bar su su hau. A 1995 maɓallan nan uku suka zauna a kusurwar dama yadda muka san su, na saukarwa, na cikawa, na rufewa. A 2009 kuma, tare da Windows 7, aka yi sulhu tsakanin ra'ayoyin biyu: taga tana hannunka, amma in ka kai ta gefen hagu ko dama sai ta ɗauki rabin allo, in ka kai ta sama ta ɗauke shi duka.

Dalilinsu ba na banza ba ne, ya kamata a faɗa. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. Leɓen allo shi ne wuri mafi sauƙin samu, don kibiya ba ta iya wuce shi. Ko da ido a rufe ka wurga ta za ta tsaya a can. Shi ya sa aka ɗora wa leɓen umarnin da aka fi yawan bukata. Ga mai allo mai faɗi da ke son takardu biyu kafaɗa da kafaɗa, wannan alheri ne. Amma allon Baffa ɗigo 1280 ne a kwance, 1024 a tsaye. Rabinsa 640 ke nan, bai isa ya nuna suna da ƙauye da lambobi uku da yawan kadada a layi guda ba. Rabon hagu da dama bai yi masa ba, sama da ƙasa yake so, kuma ba rabi da rabi ba.

Abin ya tuna mini da wani tsohon saɓani na gona. An daɗe malaman gona suna yi wa manomanmu kallon marasa tsari saboda suna haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya, ana ce musu su ware kowane iri da filinsa. Sai da David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka zauna a ƙauyukan Zariya, a shekarun 1960 zuwa 1970, suna auna aiki da amfani, sannan aka yarda a rubuce cewa haɗin nan lissafi ne: yana rage asara in damina ta yi gardama, yana kuma biyan wahalar mai shi. Taga ɗaya da ta cika allo gonar iri ɗaya ce, tana da kyan gani. Baffa manomin haɗi ne, ya san abin da ya sa yake son wake a gindin dawa.

Gyaran kansa bai ɗauki rabin sa'a ba, nemansa ne ya ci dare. Ba ya cikin sashen allo, ba ya cikin sashen ado. Yana can cikin sashen sauƙaƙa amfani ga masu lalura, ƙarƙashin shafin linzami: wani ɗan akwati da ke cewa a hana tagogi shirya kansu idan an kai su gefen allo. Na sa masa alama. Na ja taga zuwa sama, ta tsaya inda na sake ta, da girmanta. Na kama ta na girgiza da gangan, sauran ba su motsa ba. Daga nan na shiga saitin kamannin taga na ƙara wa gefenta kauri har ya zama abin da hannu mai rawa zai iya kamawa. Na rage gudun kibiya, na ƙara mata girma. Na kunna wata dabara da ke barin mutum ya danna ya ɗan riƙe, sannan ya saki yatsa ya ja taga ba tare da ci gaba da matsawa ba, domin na lura rawar ta fi tsananta in yana matsa maɓalli. Danna biyun kuwa na matse tazarar da ake ƙirga shi a cikinta, yadda sai da niyya zai auku. Don kada buɗe fayil ya gagare shi, na shirya in nuna masa ya zaɓa da danna ɗaya ya buga babban maɓallin shigarwa. A ƙarshe na jera tagogin biyu yadda ya siffanta, na rufe su a haka, saboda yawancin manhajoji suna tuna girman da aka rufe su da shi.

Da safe ya zauna, ya buɗe hoton wani ƙauye, siririyar taga ta fito a sama da suna uku a cikinta. Ya murza ta layi ɗaya. Ya sake murzawa. Ya kama wuyanta ya ɗan matsar da ita, hannun yana rawarsa, ba abin da ya faru. Bai yi godiya ba, don ba a yi wa ɗa godiya a gidanmu, sai dai ya ce a kawo mini kunu. Can ya tambaye ni inda na samo maganin. Na gaya masa sunan sashen kamar yadda yake. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba.

“Masu lalura,” ya maimaita. “To, ai ba su yi ƙarya ba. Sai dai da sun ajiye shi a bakin ƙofa.”

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ina ganin ta fi yawancin abin da na karanta a daren nan nauyi. Duk masu ƙera manhaja suna zaɓa wa mutane halin da na'ura za ta zo da shi, ba makawa, kuma suna zaɓa ne da hoton wani mutum a ransu: mai ƙuruciya, mai tsayayyen hannu, mai sabon allo. A 2011 masu tsara GNOME, ɗaya daga fuskokin Linux, suka cire maɓallin saukarwa da na cikawa daga wuyan taga. A 2014 Apple ya mayar da koren maɓallinsa, wanda a da yake daidaita taga da abin da ke cikinta, ya zama mai cika allo. Kowane sauyi ya zo da hujjarsa, kowanne kuma ya bar wasu suna lalube. Ba na ƙin a zaɓa mini. Abin da nake dubawa shi ne ko an bar ƙofar sauyawa, da kuma nisan da aka kai ta. A Windows 10 an dawo da wannan saiti fili, cikin shafin ayyuka da yawa a lokaci guda. A Windows 11, na 2021, girgizar nan a kashe take zuwa, sai wanda ya so ya kunna.

Wata rigimar ta biyo baya daga inda ban zata ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka jikokin Baffa da 'ya'yan maƙwabta sukan zo zaure su koyi riƙe linzami kafin su tafi cibiyar jarrabawa. Yara ne da suka buɗe ido da waya, inda kowace manhaja ke cinye fuska gaba ɗaya, ba su san taga tana da gefe ba. Suka wurga taga sama, ta ƙi cika. Suka kai ƙara cewa kwamfutar ta lalace, kibiya kuma tana tafiya kamar hawainiya. Ɗayansu har ya yi alkawarin kawo mai gyara daga Malumfashi. Suna da gaskiyarsu, domin na'urar da za su tarar a ɗakin jarrabawa ba za ta yi halin ta Baffa ba. Da yake waɗannan saituna suna bin mai shiga ne, ba na'urar ba, sai na buɗe musu nasu asusun da komai yadda ya zo daga kamfani, na sa wa na Baffa kalmar sirri. Ya kira abin da sunan da ya sani: ya ce yara sun sami gayaunarsu, gandu kuma a bar masa.

Ya gama jerin cikin kwana tara, da janareto sa'a biyu kullum. Sunaye huɗu ya ƙi shigarwa sai da ya aika aka kira masu su, domin lambobin da aka turo ba su cika 11 ba. Biyu daga ciki wakilin ƙauye ne ya tsallake lamba wajen kwafa. Rular katakon tana nan a kan tebur, yanzu da ita yake danne takardu kada iska ta kwashe.

A watan Janairu na 2020 aka daina sabunta Windows 7, na kuwa gaya masa cewa wata rana dole a sauya na'urar ko abin da ke cikinta, kuma sabuwar za ta zo da nata hali. Sai ya miƙo mini littafin ƙungiya, ya buɗe bangon baya, ya ce in rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya da Hausa, har da abin da kowanne yake hanawa, saboda ko sunayen sun sauya mai gyara ya gane abin da ake nema, ko da ba na gari. Na rubuta da boko, layi bakwai. Da na dawo mako na gaba na tarar ya kwafe su a ƙasa da ajami, harufan suna ɗan karkata saboda hannun, ya kuma ƙara layi na takwas da ban faɗa masa ba: tagar hoto kada ta wuce suna uku.